Muhawara: Rubuta Kwanakin Al'ada Tare da Gwajin Sukari, Wajibi Ne ko Ƙarin Wahala?

Malama Hadiza:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Akwai maganar da na daɗe ina ganin ba a ba ta matsayin da ya dace da ita a kula da ciwon sukari, wato alaƙar jinin al'ada da hawa da saukar sukari. Duk wadda ta saba ganin likita ta haddace tambayoyin da ake yi mata: me kika ci, yunit nawa kika yi na insulin (allurar da take sauke sukari), kina motsa jiki, kina samun barci? Da wuya a ji an ce, yau kwana nawa da fara al'adarki? Alhali kuwa mata da yawa, musamman masu nau'i na ɗaya na ciwon, wanda jiki ba ya fitar da insulin ɗinsa, suna lura cewa idan al'ada ta ƙarato sukarinsu yana tashi ko da ba su sauya abinci ko allura ba, da zarar jini ya zo kuma sai ya sauko, wani lokaci har ya zarce inda ake so. Ni ma ina cikin masu ganin haka. Tambayata ita ce, shin ya kamata rubuta ranar al'ada kusa da sakamakon gwaji ya zama wajibi kamar rubuta abinci da magani, ko kuwa ƙarin nauyi ne a kan mutanen da rubuce-rubuce suka riga suka gundure su? Ina roƙon ma'aikatan lafiyar da ke cikinmu da iyayenmu mata su sa baki.

Hajiya Mairo:
Wa alaikumus salam, Hadiza. Ni dai ina da ja, kuma zan faɗa miki a matsayin uwa. Kowace mace ta san cewa idan al'ada ta gabato kwaɗayi yana ƙaruwa, rai ya riƙa son zaƙi, ga kasala, ga ciwon mara da ke hana mutum kataɓus. Wadda ta ƙara loma ta kuma rage motsi, ai sukarinta zai hau ko tana jiran al'ada ko ba ta jira. Abin da nake tsoro shi ne mu samar wa kanmu uzuri, mu riƙa ɗora wa al'ada laifin da baki ya aikata. Na shekara da yawa da nau'i na biyu, kuma ban taɓa ganin sukarina ya hau ba tare da na san abin da na ci ba.

Dakta Sa'adatu:
Hajiya, Allah ya ƙara girma. Abin da kuka faɗa yana faruwa, sai dai da sauran magana, domin ko da an kulle baki akwai abin da jiki yake yi da kansa.

Ana fara lissafin zagayen al'ada daga ranar farko da jini ya zo sosai, ita ce rana ta 1. Ga yawancin mata baligai zagayen yana ɗaukar tsakanin kwana 21 zuwa 35, kwana 28 da ake yawan ambata matsakaici ne kawai. Daga zuwan jini zuwa fitar ƙwai, sinadarin istirojin ne yake hauhawa, furojestaron kuma yana ƙasa. Ƙwai yakan fita kimanin kwana 14 kafin al'ada ta gaba, kuma gurbin da ya bari shi ne yake fitar da furojestaron mai yawa domin shirya mahaifa ta karɓi ciki. A cikin waɗannan makonni biyu na ƙarshe, jikin mata da yawa ba ya jin insulin kamar yadda yake ji a farkon zagaye, ta yadda adadin da ya wadatar a rana ta 8 zai iya gazawa a rana ta 24. Macen da ba ta da ciwon sukari ba za ta ma san ana yi ba, saboda jikinta zai ƙara fitar da insulin daidai buƙata. Wadda ta dogara da allura ba ta da wannan gata, adadin da ta auna shi ne kaɗai abin da jikinta zai samu. Idan ciki bai shiga ba, furojestaron sai ya faɗi, jini ya zo, jiki ya koma jin insulin cikin ɗan lokaci, kuma a nan ne ake samun faɗuwar sukari, musamman ga wadda ta ƙara allura a makon da ya gabata ba ta mayar ba.

Ƙarin yunwar da kuka ambata ma daga sauyin waɗannan sinadarai take tasowa, saboda haka abubuwan biyu suna tafiya tare, kuma babu yadda za a raba su da hasashe. Rubutu ne yake raba su. Idan mace ta ci abincin dare irin wanda ta saba, ta yi allurar da ta saba, amma gwajin safe kafin ta ci komai ya riƙa hawa a ƙarshen kowane zagaye yana sauka a farkonsa, to wannan ba aikin loma ba ne. Idan kuwa gwajin safe yana nan daram, na bayan cin abinci ne kawai yake tashi a ranakun da ta rubuta cewa ta ci zaƙi, to maganarku ce ta fito. Dalilin da ya sa ku ba ku taɓa gani ba, mai yiwuwa shi ne masu nau'i na biyu da yawa jikinsu yana fitar da nasa insulin har yanzu, wanda yake rufe wani ɓangare na giɓin.

Ummi:
Likita, ina so in kawo ɓangaren da ba a cika jin muryarsa ba. Ni nau'i na ɗaya gare ni, na kuma yi wannan rubutu na tsawon watanni da dukkan kulawa, amma ban ga wani tsari da yake maimaita kansa ba. Wani watan sukarin ya hau kafin al'ada, wani watan bai motsa ba, wani watan ma ƙasa ya yi. Abin da na samu kawai shi ne ƙarin fargaba, domin na koma zaman jiran matsalar da ba lallai ta zo ba. Saboda haka ban yarda a kira shi wajibi ba.

Dakta Sa'adatu:
Ummi, ina tare da ke, kuma abin da kika gani sananne ne. Binciken da aka yi a kan wannan batu ya nuna bambanci mai faɗi tsakanin mata: wasu suna ganin hawa a fili, wasu ba sa ganin komai, wasu kuma sukan ga akasin haka. Ko a jikin mace guda, ba kowane zagaye ne ƙwai yake fita ba, kuma zagayen da ƙwai bai fita ba furojestaron ba ya hawa yadda ya saba. Wadda ta bibiya ba ta ga komai ba ta samu amsarta, ta san cewa idan sukarinta ya rikice sai ta nemi dalili a wani wuri. Tana iya ajiye littafin, ta ci gaba da sa alama a ranar farkon jini kawai.

Zainab:
Ina gaida manyana. Ni ina amfani da na'urar da ake mannawa a damtse wadda take auna sukari dare da rana, kuma ina so in nuna dalilin da ya sa ma'aunan da muka dogara da su suke ɓoye wannan al'amari, ko da likita yana da niyyar gani.

Ma'auni na farko shi ne HbA1c, wanda yake nuna matsakaicin sukari na wata biyu zuwa uku, wato kusan zagaye uku ke nan a dunƙule. Kamar a haɗa ruwan zafi da na sanyi ne a taɓa a ce ɗumi gare shi. Mace tana iya samun kashi 7 cikin ɗari, a yaba mata, alhali kowane wata tana yin mako guda sukarinta yana sama, sannan ta yi kwanaki tana fama da faɗuwa. Ma'auni na biyu shi ne rahoton na'urar manne. Yarjejeniyar da masana na ƙasashen duniya suka fitar a 2019 ta ce yawancin manya su yi ƙoƙarin sukarinsu ya kasance tsakanin 70 da 180 (a ma'aunin mg/dL) na sama da kashi 70 cikin ɗari na lokaci, kuma rahoton da aka saba dubawa na kwana 14 ne. Na'urar manne ta FreeStyle Libre ma kwana 14 take yi a jiki kafin a sauya ta, ta Dexcom G6 kuma kwana 10. To kwana 14 rabin zagaye ne. Idan ranar ganin likita ta faɗo mako biyu bayan fara al'ada, zai ga rabin da komai yake lafiya, ya ce a ci gaba a haka. Idan ta faɗo daf da al'ada, zai ga rabin da layin yake sama, ya ƙara insulin mai dogon aiki, kwana biyu bayan nan jini ya zo, a kwana ana neman abin zaƙi. Duka likitocin biyu sun yi hukunci daidai da takardar da ke gabansu, takardar ce ba ta cika ba.

Abin da nake yi shi ne in fitar da rahoto biyu, ɗaya daga ranar farkon jini zuwa tsakiyar zagaye, ɗaya kuma daga tsakiya zuwa jini na gaba, in ajiye su kafaɗa da kafaɗa. A nawa, layin tsakar dare ne yake fara nuna bambanci, lokacin da ba ci ba sha. Abin takaicin shi ne da hannu nake wannan aiki, domin manhajar sukari da manhajar al'ada kowace harkar gabanta take yi. Ba sabon abu ba ne kuwa, domin lokacin da Apple ya fitar da manhajarsa ta lafiya a 2014 an tanadi wurin rubuta abubuwa birjik amma babu na al'ada, sai a 2015 aka ƙara bayan an yi ta suka.

Nas Rakiya:
Zainab ta yi bayani mai kyau, amma kada wadda ba ta da na'urar manne ta ɗauka an bar ta a baya, domin mafi yawan matan da nake gani tsinken gwaji da ɗan yatsa suka dogara da su, kuma littafi da biro sun isa. Sirrin yana cikin yadda aka jera rubutun. Yawancinmu da kwanan wata muke rubutawa, shi kuwa kwanan wata ba ruwansa da mahaifa. A ƙara layi guda a gefe na ranar zagaye, a sa 1 a ranar farkon jini, a ci gaba da ƙirga har jini na gaba, sannan a sake komawa 1. Misalin layi guda zai iya zama haka: rana ta 25, gwajin safe 168, kafin barci 190, allura kamar kullum, ciwon mara, barci bai yi kyau ba. Wadda na'urarta take nuna ƙananan lambobi irin su 9.3, ta ninka da 18 za ta samu irin waɗannan.

Bayan zagaye uku aƙalla, sai a ɗora shafukan a jere. Shawarata ita ce a ƙirga da baya daga ranar da jini ya zo, wato kwana 1 kafin jini, kwana 2 kafin jini, har zuwa 14. Dalili shi ne rabin farko na zagaye shi ne yake miƙewa yana tsukewa daga wata zuwa wata, rabin ƙarshe kuwa tsawonsa bai cika sauyawa ba. Macen da zagayenta ya yi kwana 27 a wannan wata, 33 a na gaba, idan ta kwatanta rana ta 20 da rana ta 20 tana iya kwatanta abubuwa biyu mabambanta, amma kwana 5 kafin jini kusan matsayi ɗaya ne a duka biyun. Mata da dama da suka ce ba su ga tsari ba, da aka juya lissafin ta wannan hanya sai ya bayyana. Ummi, idan littafinki yana nan, ki gwada wannan sau ɗaya kafin ki yanke hukunci.

Wadda tsinken gwajinta ba shi da yawa ta fifita gwajin safe kafin cin komai, domin shi ne mafi sauƙin kwatantawa, wanda kuma ga yawancin manya ake so ya tsaya tsakanin 80 da 130. Kada kuma a manta da rubuta zazzaɓi, ciwo, tashin hankali ko wani sabon magani, saboda kowannensu yana iya ɗaga sukari ya yi kama da aikin al'ada.

Maman Ilham:
Allah ya saka da alheri. 'Yata tana da nau'i na ɗaya tun tana ƙarama, kuma bara ta fara al'ada. Tun daga lokacin sukarinta ya zama abin da ba a iya hasashensa, ita kuma tana jin nauyin yin maganar ko da ni. Likita, idan na fara wannan rubutu na ga yana hawa kafin al'ada, zan iya ƙara mata allura da kaina a waɗannan kwanaki, in rage idan jini ya zo?

Dakta Sa'adatu:
Maman Ilham, ki fara rubutun, amma ƙarin allurar ki bari sai kun zauna da likitanta. A shekarun farko bayan fara al'ada, zagaye bai cika daidaita ba, kuma da yawa daga cikinsu ƙwai ba ya fita, saboda haka kalanda ba abin dogaro ba ce ga yarinya irinta. Ga kuma balaga ita kanta, wadda take sa jiki ya rage jin insulin saboda sinadarin girma, ta yadda buƙatar yara takan ƙaru sosai a waɗannan shekaru ko da ba a yi maganar al'ada ba. Idan kika ƙara allura saboda kalanda ta ce saura kwana biyar, jinin kuma ya zo gobe, kin jefa ta cikin haɗarin faɗuwar sukari, watakila cikin barci.

Tsarin da nake so a yi, ga yara da manya, shi ne rubutaccen shiri tsakanin mai ciwon da likitanta, wanda zai faɗi abu uku a fili: wace lamba ce idan an gan ta a jere za a ƙara, nawa za a ƙara, kuma yaushe za a koma adadin da aka saba. Kalanda tana cewa a sa ido ne kawai, na'urar gwaji ce take ba da izinin ƙari. Na ukun shi ne wanda aka fi mantawa, shi ne kuma mafi haɗari. Sukari ƙasa da 70 faɗuwa ce, a sha abin da yake ɗauke da giram 15 na sukari mai saurin shiga jini, a jira minti 15 a sake gwadawa. Ƙasa da 54 kuwa lamari ne mai tsanani.

Akwai wani haɗarin ta ɗaya gefen wanda nake so iyaye su riƙe. Yarinya tana ciwon mara, tana tashin zuciya, ta ƙi cin abinci, sai a ce tunda ba ta ci ba a bar allurar. Insulin mai dogon aiki ba a barin sa ga mai nau'i na ɗaya ko da ba ta ci komai ba. Ciwon ciki da amai kuma suna cikin alamun taruwar kiton a jini, wato sinadarin da jiki yake fitarwa idan ya koma ƙona kitse saboda rashin insulin, abin da zai iya kai mutum ga suma, kuma yana da sauƙi a ɗauke su a matsayin wahalar al'ada. Idan sukari ya haura 250 ga amai ko ciwon ciki, a gwada kiton, idan babu abin gwaji ko an gan shi da yawa a tafi asibiti ba tare da jira ba.

Baban Nana:
Ku yi haƙuri da shigowata cikin maganar mata, maiɗakina ce take da ciwon. Abin da yake ɗaure mini kai shi ne, a ranakun da al'adarta ta kusa takan yi saurin fushi, ta yi ciwon kai, jiki ya mutu, kuma waɗannan su ne alamun da aka koya mini na faɗuwar sukari. Ta yaya zan bambance, ba tare da na zama mai takura mata ba?

Nas Rakiya:
Malam, ba ka yi laifi ba, tambayar ma tana da amfani ga kowa. Da ido ba a iya bambancewa, ko ita kanta ba koyaushe za ta iya ba, saboda haka gwaji ne yake raba gardama. Ku yi yarjejeniya a lokacin da take cikin natsuwa cewa idan ka ga alamun za ka miƙo na'ura ba tare da dogon bayani ba. Littafin kuwa nata ne, idan ta ga dama ta nuna maka.

Firdausi:
Duk wannan bayani ya dace da masu al'ada a kan lokaci. Ni nau'i na biyu gare ni, an kuma ce ina da PCOS, wato ciwon rikicewar sinadaran jiki da yake hana ƙwai fita a kan lokaci, al'adata takan yi wata biyu ko uku ba ta zo ba, manhajar da na saka kuma kullum cikin ba ni ranar ƙarya take. Tun da aka ɗora ni a kan ƙwayar maganin sukari ta metformin na ga ta fara zuwa kusa-kusa. Anti Rakiya, Likita, mene ne amfanin rubutu ga irina, tunda babu zagayen da za a ƙirga?

Dakta Sa'adatu:
Firdausi, a ganina ke kin fi kowa a nan buƙatarsa, sai dai amfanin da zai yi miki daban ne. Manhaja tana hasashe ne daga matsakaicin watannin baya, don haka ki daina duba hasashenta, ki yi amfani da ita ko littafi wajen ajiye abin da ya faru kawai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa PCOS yana shafar kashi 6 zuwa 13 cikin ɗari na mata masu shekarun haihuwa, kuma har kashi 70 cikin ɗari nasu ba a gano suna da shi ba. Rashin jin insulin yana cikin tushensa, shi ya sa yake yawan tafiya tare da nau'i na biyu, kuma rikicewar al'ada tana ɗaya daga cikin alamu uku da ka'idar gano ciwon ta Rotterdam ta 2003 ta sa a duba. Tazarar da ta wuce kwana 90 babu jini abu ne da ya kamata likita ya sani, domin bangon mahaifa yana iya yin kauri fiye da kima.

Dawowar al'adarki kuwa tana iya nufin ƙwai ya fara fita, wato ciki yana iya shiga ko da a baya an daɗe ana nema ba a samu ba. Gaɓoɓin jariri suna haɗuwa ne a makonnin farko, sau da yawa kafin mace ta tabbatar tana da ciki, kuma yawan sukari a wannan lokaci yana ƙara haɗarin ɓari da naƙasa. Shi ya sa ake so HbA1c ya sauko ƙasa da kashi 6.5 kafin a ɗauki ciki idan za a iya kai wa ba tare da yawan faɗuwa ba, a fara shan folik asid tun kafin nan, wanda ka'idar Ingila ta sa miligiram 5 a kullum ga masu ciwon sukari, a kuma sake duba wasu magungunan hawan jini da na rage kitse a jini waɗanda ba su dace da mai ciki ba. Macen da ta san ranar jininta na ƙarshe ita ce za ta gane jinkiri da wuri.

Ku kuma riƙa rubuta yawan jinin, ba ranarsa kaɗai ba. Jinin da ya wuce kwana 7, ko yake jiƙa audugar mata cikin awa ɗaya ko biyu, ko yake zuwa da manyan gudaji, yana jawo ƙarancin sinadarin ƙarfe, shi kuma wannan yana iya sa HbA1c ya nuna sama da gaskiya. Masu sikila ma sakamakonsu yana iya karkacewa. Idan HbA1c da gwajin yau da kullum suka saɓa wa juna, bayanin al'ada yana iya zama abin da zai warware.

Hajiya Mairo:
Likita, na karɓi bayanin gwajin safe, gani ya kori ji. Amma maganar manhaja ba ta kwanta mini ba. Ranar al'adar mace, da neman cikinta, da ciwonta, duk a tattara a miƙa wa kamfanin da ba ta san masu shi ba? Zainab, 'yata, ina waɗannan bayanai suke tafiya?

Zainab:
Hajiya, tsoronku yana da tushe. A 2021 hukumar kula da kasuwanci ta tarayyar Amurka ta cimma sulhu da kamfanin manhajar Flo bisa zargin cewa ya bai wa wasu kamfanoni, ciki har da Facebook da Google, bayanan lafiyar masu amfani da shi bayan ya yi alkawarin ɓoye su. Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai da ta fara aiki a 2018 ta sa bayanan lafiya cikin rukunin da ake tsananta kariyarsa, amma ba kowace manhaja ce take ƙarƙashinta ba. Duk da haka ban ga ya kamata a guje su baki ɗaya ba. Kafin a saka, a duba ko bayanan a cikin waya suke zama ko ana tura su wani wuri, ko ana iya share su gaba ɗaya, ko manhajar da talla take samun kuɗinta, a kuma sa wa wayar makulli. Ana ma iya rubuta ranar zagaye a wurin ƙarin bayani na manhajar sukari, ba sai an saka ta biyu ba.

Hajiya Mairo:
Ni dai littafina ya ishe ni, shi ba ya kai rahoto ko'ina.

Malama Hadiza:
Hajiya, littafi ma ana iya buɗe shi a bayan idon mai shi, amma na fahimce ku. Abin da ya rage mini shi ne dalilin da ya sa har yau babu wata tsayayyar ka'ida da ta ce a ƙara kaza a rana kaza. Na karanta cewa a 1977 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta ba da shawarar a cire mata masu iya haihuwa daga matakan farko na gwajin magunguna, sai a 1993 aka yi dokar da ta wajabta sa mata cikin binciken da cibiyoyin lafiya na ƙasar suke ɗaukar nauyi. Sauyin da al'ada take kawowa an daɗe ana kallon sa a matsayin abin da yake dagula sakamakon bincike, maimakon abin da ya kamata a bincika. Amma bayan abin da Ummi da Likita suka faɗa, ina zargin ko an yi binciken ma ba za a samu lamba ɗaya da za ta dace da kowa ba, kuma kowace mace sai ta fitar da tata daga shafukanta.

Hajiya Mairo:
To ni ga tawa tambayar, Likita. Al'adata ta fara tsallake watanni, kuma cikin dare nakan farka sharkaf da gumi, zuciya tana bugawa. Gliclazide nake sha tare da metformin. Nakan tashi in sha abin zaƙi in koma, domin na ɗauka sukari ne ya faɗi.

Dakta Sa'adatu:
Hajiya, daga yau ku ajiye na'urar gwaji kusa da shimfiɗa, ku gwada kafin ku sha komai, sai dai idan jiki ya yi tsananin da ba za ku iya ba. Yawancin mata suna daina al'ada tsakanin shekara 45 zuwa 55, kuma shekarun da suke gabanin haka suna zuwa da gumin dare da bugun zuciya irin na faɗuwar sukari sak. Gliclazide yana cikin magungunan da suke iya faɗar da sukari, saboda haka duka biyun suna yiwuwa a wurinku. Idan gwajin ya nuna ƙasa da 70, maganin ne yake buƙatar gyara. Idan ya nuna daidai, to zaƙin da kuke sha ƙarin sukari ne kawai da zai bayyana a gwajin safe. Ku rubuta kowane dare da lambarsa, ku kuma riƙe ranar jinin ƙarshe, domin sai an cika wata 12 babu jini ake cewa al'ada ta yanke, kuma duk jinin da ya zo bayan haka dole a duba shi a asibiti.

Ummi:
Anti Rakiya, zan gwada ƙirgawa da baya. Sai dai nakan ga ɗan ɗigon jini kwana ɗaya ko biyu kafin ya zo sosai, kuma ƙanwata da take allurar tazarar haihuwa ta wata uku ba ta ganin jini ko kaɗan. Daga ina kowaccenmu za ta fara ƙirga?

Nas Rakiya:
Ke ki fara daga ranar da jinin ya zo sosai har kika buƙaci audugar mata, ɗigon kuma ki sa masa alama daban a ranakun ƙarshe na zagayen da ya gabata. Ƙanwarki kuwa allurar ta hana ƙwai fita, don haka ba ta da zagayen da za ta ƙirga, sai ta rubuta ranar da aka yi mata kowace allura, ta duba ko sukarinta yana sauyawa a makonnin da suka biyo baya. Masu shan ƙwayoyin tazara su rubuta ranar da suka fara kowane kati da ranakun hutu, su kuma tabbatar likitan sukarinsu ya san irin wanda suke sha.